Ɗakin gadon sarauta amma babu gadon: in kwaikwaya ko in bari?

Magini daga gabashin Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Matambayi ba ya ɓata, shi ya sa na zo.

Ni magini ne, gadon gidanmu ne. A hannun Baba na koya, tun ana kwaɓa ƙasa da ƙafa ana mulmula tubali, har zamani ya juyo da mu kan bulo da siminti da filasta. Ƙauyenmu yana gabas da Ringim, ba sai na faɗi suna ba tunda maganar ta shafi manya. Bara bayan babbar salla aka naɗa Kawu, ƙanen mahaifiyata, dagaci. Zauren fadar da ya gada tun na kakansu ne. Daminar bana ta ci katangar gabas, gara ta cinye azara uku, har ta kai in hadari ya haɗo sai fadawa su naɗe tabarmi su koma rumfar masallaci. Da kaka ta yi aka sayar da riɗi, Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, zauren nan kai za ka tashe shi. Kuma ka yi masa ado yadda baƙo in ya shigo zai san fada ya shigo."

To ga inda gizo ke saƙar. Babban ɗan Kawu, wanda muke tsokana da Yarima, yana karatu a Dutse. Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune gindin darbejiyar ƙofar fada, ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi ya miƙo mini ya ce, "Yaya, irin wannan za ka yi wa Baba." Na karɓa, na kare rana da hannu ina dubawa. Wallahi na daɗe ban ɗago ba. Ɗaki ne mai tsayi kamar an ɗora soro kan soro. Ginshiƙai jeri biyu, na ƙasa jajaye, na sama shuɗɗa kamar an tsamo su daga marina. Rufin tuluwa ce shuɗiya mai taurari, daga tsakiyarta wata ƙatuwar fitila ta sauko mai siffar kambi. A daɓen ƙasa an zana dabbobi da itatuwa cikin da'ira. Can ƙurya kuma matakalar farin dutse ta hau zuwa wani lungu mai baka, sak wurin tsayuwar liman, bangonsa duk ruwan zinariya, ga wasu mutum shida tsaye tsakanin itatuwan dabino, sama da su wani na zaune cikin haske. Ƙarƙashin hoton an rubuta Neuschwanstein, Jamus. Harafi-harafi na kwafo, kada wanda ya ce in furta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ja hoton da yatsa biyu na ƙara masa girma, na bi matakalar nan har sama, babu komai. Fili fetal. Yarima ya ce ɗakin gadon sarauta ne. Na ce to ina gadon? Ya ce wataƙila an ɗauke ana gyara. Ban yarda ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa zane magana ce. In ka zana takobi a ƙofar malami ka yi masa ƙarya, in ka zana allo a ƙofar mahauci ka yi masa ba'a. Ya taɓa sa ni na kankare dagin da na kwana biyu ina yi a gidan wani mai kuɗi, don kawai ya fi na ƙofar hakimi girma. Ina kuka ina kankarewa. Tun daga ranar ba na ɗora abin da ban san fassararsa ba a bangon mutum.

Don Allah wanda ya sani ya warware mini. Ina gadon ya tafi? Su wane ne mutanen nan shida? Fada ce ko coci? In na kwaikwayi ko da rabinsa ne, me zan sa bangon Kawu ya riƙa faɗa wa mutane?

Tsohon malamin tarihi, Kazaure:

Wa alaikumus salam. Magini, idonka bai yi maka ƙarya ba. Ba gyara aka kai gadon ba, ba a taɓa sa shi ba.

Mai gidan sunansa Ludwig na Biyu, sarkin Bavariya a kudancin Jamus. Ya hau mulki a 1864 yana ɗan shekara 18. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1866, Bavariya ta bi bayan Ostiriya suka gwabza da Furoshiya, wata babbar masarautar Jamusawa ta arewa, aka ci su. Cikin sharuɗɗan da suka biyo baya har da cewa in yaƙi ya tashi, sarkin Furoshiya ne zai ba sojojin Bavariya umarni. A 1871 aka haɗe ƙasashen Jamusawa ƙarƙashin babban sarki guda a Balin. A cikin gida kuma ga tsarin mulki tun na 1818, ga majalisa, ga ministoci. Rawani na kansa, linzami na hannun wasu. Mu da muka san yadda sarakunanmu suka koma bayan 1903, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A cikin wannan ɗacin ne ya aza harsashin gidan a 1869, kan wani tsauni kusa da garin Füssen, dab da iyakar Ostiriya.

Ka ce lungun ya yi maka kama da wurin tsayuwar liman. Ka kusa. Da gangan aka yi ɗakin da siffar coci irin ta Rumawan gabas, an ɗebo fasali daga Ayasofiya ta Santambul da wata cocin fada da ke Munik, babban birnin Bavariya. Inda a coci ake ajiye teburin ibada, nan ya ce a ajiye gadonsa. Ka riƙe wannan, shi ne mabuɗin sauran.

Yanzu karanta ɗakin daga sama zuwa ƙasa, yadda mahaifinka ya koya maka. Tuluwa mai taurari sama ce. Daɓen nan mai dabbobi da tsirrai, wanda aka jera da ƙananan duwatsu masu launi, duniya ce. Fitilar, mai tsayin mita 4, kambin sarki ne, an rataye shi tsakanin sama da ƙasa. Abin da ake faɗa shi ne sarki tsani ne tsakanin Ubangiji da talakawa, ba majalisa ce ta ba shi sarauta ba balle ta karɓe. Wanda ke zaune cikin haske, Kiristoci sun zana shi ne a matsayin Annabi Isa, alaihis salam, a gefen matakalar kuma hawariyawa goma sha biyu. Mutum shidan da ka tambaya sarakuna ne da cocin Katolika ta ɗauka waliyyai: na Polan, na Hangari, na Sifen, Edwad na Ingila, Henri na Biyu na Jamus, da Luwi na Tara na Faransa. Wannan na ƙarshen takwaransa ne, don Luwi da Ludwig suna ɗaya ne, kuma ranar tunawa da waliyyin, 25 ga Agusta, ita ce ranar da aka haifi Ludwig a 1845. Da gadon ya samu, da ya zauna ƙarƙashin ƙafafunsu kamar na bakwai ɗinsu. A bangon da ke fuskantar matakalar akwai mahayin doki yana soke dodo da mashi, wato gaskiya tana danne ɓarna.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Gine-ginensa, don ba wannan kaɗai ba ne, sun jefa shi bashin da ya kai mak miliyan 14, kuɗin Jamus na lokacin. A watan Yunin 1886 ministocinsa suka sa likitoci suka ce ya taɓu, aka tuɓe shi, aka ɗauke shi daga wannan gida. Ranar 13 ga wata aka tsinci gawarsa da ta likitan da ya jagoranci hukuncin a tafkin Starnberg. Shekararsa 40. Aka soke aikin gadon. Bai taɓa zaman fada a ɗakin ba ko sau ɗaya, kuma tun farko ba don tara jama'a aka gina shi ba, don kansa ya yi. Mako bakwai da mutuwarsa aka buɗe gidan, kowa ya biya kuɗi ya shiga ya kalla.

Ni a nawa karatun, ɗakin nan kuka ne ba kirari ba. Na lura sau da yawa in ado ya cika surutu, to ikon ya yi ƙaranci. Kawunka kuwa kullum safiya yana da masu rigimar iyakar gona a gabansa. Bai rasa abin da Ludwig ya rasa ba.

Mai shagon caji, Gujungu:

Haba Baba Malam, wannan duk dogon zance ne. Waye a ƙauyen zai tsaya yana fassara taurari? Mutanenmu abin da ke ƙyalli suke girmamawa. Ku je ku ga fadojin da ake ginawa yanzu, tayil ne da silin mai fitilu da kujera mai ruwan gwal daga Kano. Magini, ka cire hotunan mutanen kawai tunda liman ba zai yarda ba, ka zuba sauran. Yarima yana da gaskiya, in baƙo ya shigo ya ga zauren ƙasa da buzu cewa zai yi garin ba shi da arziki. Kuma kai ma aikin zai fi kawo maka kuɗi, kada ka cuci kanka.

Bagumale a Jamus:

Sallama ga kowa, Baba Malam ina gaisuwa. Gani ya kori ji, bari in sa baki. Shekarata huɗu a yammacin Jamus ina aikin jinya, kuma na shiga ɗakin nan da ƙafata.

Magini ɗan'uwa, hoto yana ƙara masa faɗi amma ba ya nuna tsayinsa. Mita 13 ne, hawa biyu na ginin ya cinye. Daga gindin tsaunin sai ka yi tafiyar fiye da rabin sa'a kana haki, ko ka biya keken doki. A ciki rukuni-rukuni ake kora ku kamar tumaki, duk zagayen bai fi rabin sa'a ba, kuma an hana ɗaukar hoto. Abin da zai ba ka dariya a matsayinka na mai sana'a: ginshiƙan nan ja da shuɗi ba dutse mai daraja ba ne. Filasta ce aka yi wa launi aka goge har ta yi sheƙi. Tuluwar kuma ƙarafa ne ke riƙe da ita a ɓoye, aikin injiniyoyin zamaninsa. Tsohuwar riga ce aka sa wa sabon gini. Na tsaya gaban matakalar ina kallon wurin da babu komai, sai na ji wani iri, kamar ka shiga ɗakin amarya an gama jere amma ba a kawo ta ba.

Amma ni wani gadon nake so in ba ka labari, wanda ke garin Aachen, ana furta shi Ahen, kusa da inda nake zaune. Yana saman benen tsohuwar cocin da sarki Shalaman ya gina, babban sarkin yammacin Turai da ya rasu a 814. Shi ne wanda Halifa Haruna Rashid ya aiko wa giwa daga Bagadaza, ta iso garin a 802. Na tafi ina tsammanin zinariya. Da mai zagayawa da mu ta buɗe ƙofa ta ce ga shi, na ɗauka wasa take. Fallayen farin dutse ne aka haɗa kamar akwati, aka ɗaure da 'yan ƙarafan tagulla. Babu zane, babu sassaƙa. Wallahi dakalin ƙofar gidanmu a Gumel ya fi shi kwalliya. Amma daga 936 zuwa 1531 sarakunan Jamus 31 ne aka hau da su kansa bayan naɗi. Wanda bai zauna a kai ba, ana ganin da sauran magana a sarautarsa.

Ba wai ba ya magana ba ne, a hankali yake yi. Matakalarsa shida, daidai da yadda littafin Kiristoci ya siffanta kujerar Annabi Sulaiman. Yana yamma yana fuskantar gabas, inda teburin ibada yake, sarki na sama yana hangen kowa. Fallayen tsofaffi ne tun kafin a yi gadon, masana da yawa na ganin daga Ƙudus aka kwaso su, kuma darajarsu ke nan. A ƙarƙashi akwai 'yar kafa da masu ziyara a da suke durƙusawa su ratsa, har dutsen wurin ya yi sulɓi saboda gugar jiki.

Ga wanda ya fi burge ni. A jikin falle ɗaya na gefe, in ka sunkuya ka ƙura ido, za ka ga wasu layuka da aka karta da tsinin ƙarfe, murabba'i cikin murabba'i. Gidan wasa ne irin darar da tsofaffinmu ke yi da tsinke da tsakuwa, wadda in ka jera uku ka ci. Wato dutsen nan a da daɓe ne a ƙasa, wasu marasa aikin yi suka zauna suka yi dara a kansa, daga baya ya zama gadon sarakuna, kuma babu wanda ya goge. Na daɗe tsugune a wurin har matar ta ce in taso za ta rufe.

Magini daga gabashin Ringim:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, ka cire mini ƙaya. Ashe da na ɗora wa Kawu kukan wani a bango.

Bagumale, maganar ginshiƙan nan ta sa na yi dariya ni kaɗai har mai ɗakina ta leƙo. Ashe abokan sana'ata ne! Mu ma haka Baba yake yi, ya shafe bango da makuba ya bi da dutsen guga har sai ka ga fuskarka, baƙo ya rantse ba ƙasa ba ce. Wannan ɓangaren kam ba aro ba ne a wurina. Labarin dara kuwa sai na kai wa tsofaffin gindin darbejiya, don kullum liman na yi musu faɗa wai suna zubar da mutuncin ƙofar fada.

Mai caji, na ji ka, kuma ba ƙarya ka yi ba kan kuɗin. Sai dai ni zan ci gaba da wucewa ta ƙofar zauren nan har in mutu, kai kuwa sai ranar kasuwa kake ganin mutanenmu. Tambayata yanzu: in ba na Ludwig ba, kuma ba zan ajiye wa Kawu akwatin dutse ba, akwai abin da sauran fadojinsu suka yi da zai shige mu?

'Yar Haɗejia mai zanen gine-gine:

Salamu alaikum. Baba Malam, a gafarce ni, zan ɗan ja da maganar cewa yawan ado alamar ƙarancin iko ne. Ta zauna daram kan Ludwig, amma ba kan kowa ba. Ogusta mai laƙabin Ƙaƙƙarfa, mai mulkin Saksoni a gabashin Jamus wanda ya zama sarkin Polan a 1697, yana da soja yana da dukiya, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi son ado. A 1719 zai aurar da ɗansa ga 'yar gidan babban sarki na Biyana, sai ya gyara jerin ɗakuna a fadarsa ta Dresden don surukai su san ba ƙaramin gida 'yarsu ta shigo ba. Ɗakin ganawar an lulluɓe bangonsa da jan karan-miski, an yi masa ginshiƙan zane da zaren zinariya, kujerar na ƙarƙashin rumfar yadi, a silin kuma an zana gwarzon tatsuniyar Girkawa, Harkilis, yana tumurmusa miyagun halaye. Wuta ta cinye fadar a Fabrairun 1945, aka sake gina ɗakunan aka buɗe a 2019.

Malam Magini, abin da nake so ka ɗauka a nan ba karan-miskin ba ne. Kafin ka kai ga kujerar sai ka ratsa babban zaure, ka ratsa ɗakin jira na farko, ka ratsa na biyu. Matsayinka ne ke yanke inda za a tsayar da kai. Wannan ai namu ne. Haka Gidan Rumfa yake a Kano, daga ƙofa zuwa soro zuwa soro, haka gidan kowane babban mutum a ƙasar Hausa. Rabin kwarjinin fada a tafiyar yake, ba a bango ba. In da fili, ka yi wa Kawu ƙaramin zauren jira kafin babban, ko da taku shida ne. Zai yi masa aikin da fenti ba zai yi ba.

Kuma kada mu raina namu. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shiga fadar Kano a 1851 zamanin Sarki Usman. Ya bar bayanin ɗakin da aka karɓe shi: rufi mai tsayi, manyan bakuna biyu na ƙasa da aka goge aka yi wa ado, can ƙurya lunguna biyu masu zane, Sarki na kishingiɗe a ɗaya kan gado da shimfiɗa. Ya yaba ɗakin ƙwarai. Ka ga lungu mai baka a bayan mai mulki ba sai ka je Bavariya ka aro ba. Ɗaurin guga da bakan gizo suna hannunka.

In kuwa kana son dabara daga Jamus, ga wadda nake ganin ta fi dacewa da dagaci. A Schwerin, can arewa, akwai fada a kan tsibiri cikin tafki, an kammala ta a 1857. Kafin ka shiga ɗakin gadon sai ka bi ta wani dogon ɗaki da aka jera hotunan kakannin mai sarautar. A cikin ɗakin kuma, can saman bango, an zagaye shi da tambarin garuruwan ƙasar. Duk wanda ya zo gaisuwa zai ɗaga kai ya nemo na garinsu. Ludwig ya cika bangonsa da waɗanda ke sama da shi, wannan ya sa waɗanda yake riƙo. Unguwa nawa ke ƙarƙashin Kawu? Maƙera suna da uwar maƙera da guduma, masaƙa suna da ƙoshiya, masunta suna da koma, Fulani suna da ƙwarya. Babu hoton mai rai balle liman ya yi magana.

Tsohon malamin tarihi, Kazaure:

'Yata, na karɓi gyara. Na yi saurin yanke hukunci da mutum ɗaya. Sai dai ki lura, shi ma Ogusta akwai abin da yake nema a idon surukai, bangon ne ke roƙar masa.

Maganar kakanni ta tuna mini da Munik. Kakan Ludwig, Ludwig na Ɗaya, ya gina babban ɗakin gado a fadar birnin, aka gama a 1842, ya jera gumakan tagulla goma sha biyu masu ruwan zinariya na magabatan gidansu, gidan da ya riƙe Bavariya daga 1180 har 1918. Mu da baki muke wannan aikin: maroƙi ya tashi ya jero sarakuna tun daga na farko. Su sai suka zuba nasu a tagulla. Bama-baman yaƙin duniya na biyu sun rushe ɗakin, yau zauren kaɗe-kaɗe ne a wurin, gumakan suna tsaye a hanyar shiga.

Wani abu kuma da ke ci mini rai. Fadar Balin, wadda aka rushe a 1950 aka sake ginawa daga baya ta zama gidan tarihi, in ka shiga yau gadon sarautar da za ka gani a ciki na Afirka ne. Na Sarki Njoya ne na Bamun, daga Fumban a Kamaru, an lulluɓe shi da duwatsun ado da wuri, da mutum-mutumi biyu tsaye a bayan mazaunin. A 1908 aka kai wa babban sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a matsayin kyauta, lokacin Jamus na mulkin Kamaru, kuma har yau ana muhawara ko kyautar wanda aka fi ƙarfi kyauta ce. Shekara goma bayan nan shi Wilhelm ɗin ya sauka ya gudu Holan.

Magini daga gabashin Ringim:

Jama'a na dawo da rahoto. Daren jiya bayan isha'i na shiga wurin Kawu, Yarima na zaune, na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Kawu na tauna goro bai ce uffan ba har na kai inda aka tsinci gawar a tafki. Ya yi salati ya ce, "Shekararsa nawa?" Na ce 40. Ya ce, "Ya bar 'ya'ya?" Yarima ya duba waya ya ce ai bai taɓa aure ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To wa yake gina wa?"

Da na zo kan matakala kuwa sai ya ajiye goron. Ya ce, "In Hakimi ya zo rangadi, ni zan hau sama shi yana ƙasa? Ai tashi nake in ba shi wurina in zauna a tabarma. So kuke a warware mini rawani?" Yarima ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ado ne kawai." Ya ce, "A wurinka."

Ga abin da aka tsayar. Dakali tsayin tubali biyu, mai faɗin da mutum biyu za su zauna, buzun kakansu a kai. Lungu mai baka a bayansa, ɗaurin guga a sama. Hajiya 'yar Haɗejia, zauren jiran ya shiga, za mu ci kaɗan daga turken doki tunda dokin ya daɗe da mutuwa. Rufin zan yi shi shuɗi, don wannan kam ya shiga raina tun ranar farko, amma babu taurari. A tsakiya zan manna tsohon farantin tangaran na Goggo wanda ke cikin tsohon rufin, na ciro shi da hannuna bai fashe ba. Yarima ya kumbura, sai Kawu ya bar masa fitila: mai walda zai lanƙwasa masa zoben ƙarfe a sa ƙwayayen sola. Ya ce kambi ne, Kawu ya ce shi dai zobe ya gani.

Alamun unguwanni ne suka jawo abin da ban zata ba. Unguwa shida ce. Tun kafin in kai gida magana ta fita, da asuba mai unguwar masunta ya buga mini ƙofa wai ya ji za a sa guduma a hannun daman dagaci, alhali kakanninsu ne suka fara sauka a bakin kogi. Ardo ya aiko a gaya mini ƙwarya ta mata ce, sanda yake so. Mahauta sun ce wuƙa, Kawu ya ce ba a rataya masa wuƙa a saman kai. An sa ranar Laraba kowa ya zo a zauna. Ramukan dara kuwa tsofaffi sun ce in yi musu a dakalin waje, liman bai sani ba tukuna.

Ginshiƙai biyu na bakin lungun nake so su yi ja irin na hoton, amma da jar ƙasa da makuba, ba fentin gwangwani ba. Ɗorawar garinmu saura ƙwaya huɗu, masu gawayi sun gama da sauran. Mai caji, kai da ke bakin kasuwa, duba mini ko ana kawo makuba Gujungu, da nawa buhu. Buhu uku nake nema kafin sanyi ya wuce.